Rumbu Kafin Banki: Tarihin Tsimi a Ƙasar Kabi

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, kowa ya koma malamin tattali: a rage cin nama, a bar hawan kabu-kabu, a daina ƙona kuɗi a data. Wasu na ba da shawarar kamar su suka ƙirƙiro ta. Alhali mutanen wannan kwari namu na Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, sun shekara aru-aru suna wannan lissafi. Abin da nake so mu duba yau shi ne me suka riƙa ajiyewa, me ya cece su, me kuma ya ci amanarsu. Duk mai son rubuta labarin talaka yana buƙatar sanin wannan, don talaucin da ke cikin yawancin littattafanmu jimla ɗaya ce tak: "sun taso cikin rashi." Daga nan sai a jira Alhaji mai mota ya zo.

Mu fara da kalmomin, tunda su ne jarinmu. Tsimi shi ne ka riƙe abin da ke hannunka ka ci shi da awo. Tanadi shi ne ka shirya wa gobe tun yau. Tattali ya haɗa duka biyun da kula da abin kada ya lalace. Rowa da tsumulmula kuwa wani gida ne daban: akwai abin, mai haƙƙi ya zo, ka hana. Bahaushe yana yabon na farko yana zagin na biyun, kuma sau da yawa mutum guda ne ake wa duka biyun, ya danganta da wanda ke ba da labarin, matarsa ko magadansa. Ga rikicin labari nan kyauta ga mai so.

Allah ya ba Bakabe ƙasa iri biyu. A tudu yana da gero da maiwa da dawa, a fadama yana da shinkafa, irin jar nan tamu ta Afirka wadda ke bin ruwa tana tsawo in gulbi ya cika, ga kuma kifi. Gero yakan nuna tun wajen Satumba, shinkafa sai ruwa ya fara ja. Idan fari ya ƙone tudu akwai sa rai a fadama, idan ambaliya ta cinye fadama akwai tudu. Wannan shi ne inshora na farko da aka sani a nan, kuma ba a biyan kowa ko anini a kansa.

Amma samu daban, riƙo daban. Bayan dakarun jihadi sun ci Birnin Kabi a 1805, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun ƙare da kafa hedikwatarsu a Argungu, kuma tun tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa ana gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato, in ka cire 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa Gwandu da Birnin Kabi a 1853, ya tarar hanyoyi ba aminci. A irin wannan zamani gonar da ke nesa da ganuwa ba taka ba ce sai ranar da damin ya shigo gida. Rumbu ya zama maganar rai da mutuwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma ƙanƙan da kai a ci da sutura ya samu daraja ta addini. Malam Abdullahi na Gwandu ya koka ƙwarai a Tazyinul Waraƙat kan yadda wasu abokan gwagwarmaya suka koma neman dawaki da riguna da manyan gidaje, har ya taɓa barin jama'ar ya nufi gabas kafin a tsayar da shi a Kano. Wato bango biyu masu gaba da juna, kowanne da dalilinsa na cin abu da awo.

Yadda ake sarrafa rumbun shi ne abin da ya fi burge ni. A gidan gandu, da kaka ta wuce maigida kan ware abin da za a ci da rani, ya raba wa mata nasu, sannan ya liƙe babban rumbu. Ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da mai riƙe da fartanya ke buƙatar ƙoshi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai hali yana da rumbun tsimi, wanda hatsin bara ko na bara waccan ke ciki, a zangarniyarsa ba a sussuke ba, don ya fi jure ƙwari. To watanni biyar ko shida na rani fa, me ake ci? A nan cin rani ya shigo. Ku dubi kalmar da kyau: mutum ya tafi ya cinye ranin a wani wuri, bakinsa ya fita daga lissafin gida. Ko da ya dawo da turmin atamfa ɗaya da kuɗin haraji kawai, damin da bai ci ba riba ce. Wani mai bincike Bature, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar masu fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, lokacin da Argungu da Gwandu ke cikin lardin, aka samu mutum sama da 250,000, har da masu ratsowa daga ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau. Suna nufar Gwanja da Kurmi da sauran wurare, da yawansu a ƙasa. Saurayin da ke tura baro a Legas yau jikan waɗannan ne.

Kifi ma an yi masa rumbu, sai dai nasa a cikin ruwa yake. Akwai wuraren da Sarkin Ruwa ke rufewa, ba mai jefa koma ko homa sai ranar da aka yi fashin ruwa kowa ya faɗa. Bikin kamun kifi na Argungu da aka fara a 1934 don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, a kan wannan tsohuwar doka ya tsaya. Ƙaton giwan ruwan da ake ɗagawa ana ɗaukar hoto a Matan Fada ya kai haka ne don an hana kowa taɓa shi wata da watanni. Abin da aka kama ya fi ƙarfin tukunya kuma sai banda, a ci da damina ko a kai kasuwa.

Mata na da nasu tsarin, kuma a ganina ya fi na maza wayo. Kuɗin fura ko na ƙuli ya shiga asusun ƙasa, in ya taru a kai wa uwar adashi, ranar kwasa a sayi 'yar akuya. Akuya ta haihu, a sayar a sayi kwalla da samira a jera. Jeren nan da muke rubutawa a matsayin ƙawa, dukiya ce da ake iya ɗauka a sayar ranar da ciwo ya zo, kuma ta mace ce, miji ba shi da iko da ita. Biki ma ajiya ce: abin da kika kai wa ƙawarki ranar sunanta yana nan a rubuce a zuciyarta, zai dawo da ƙari ranar naki.

Kun lura duk cikin waɗannan ba wanda ya bar dukiyarsa ta daɗe a matsayin kuɗi. Suna da dalili. A 1851 Barth ya samu ana canza dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500 a Kano, ya kuma ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 zai riƙe iyali shekara guda har da sutura. Amma tun wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wurin Zanzibar mai araha a gaɓar teku, ya yi ta malalowa arewa, kafin ƙarshen ƙarnin darajarsa ta faɗi da kusan rabi. Da Turawa suka ci ƙasa suka hana shigo da wuri, suka kawo sule da kwabo da anini, suka koma karɓar haraji da su. Wanda ya cika rufewa da keso-keso na wuri, kowane keso 20,000, ya wayi gari da tarin ƙwanso. An sake irin wannan a watan Afrilu 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu a canza. Tsohon da ya binne nasa a tukunya a ƙauyen da ba banki, wa ya kula da shi? Na farkon 2023 kuwa kowa a nan shaida ne. Ko kalmar jaka ta isa darasi: fam 100 ce, da aka koma naira a 1973 ta zama naira 200. A da mai jaka attajiri ne, yau ba ta sayen mudun komai. A 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda ke nufin mai asusun da ya hana kansa nama shekara guda ya fasa ya tarar an ci masa wajen kashi uku cikin goma ba tare da ɓarawo ya shiga ɗakinsa ba.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu wa'azin tattali. Tsimi sai da abin tsimin. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972, ta nuna yadda manomi mai ƙaramin ƙarfi ke sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, don haraji da bashi, sannan ya dawo ya saye shi da tsada da damina, sau da yawa daga rumbun maƙwabcinsa mai hali. Kafin nan ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani don abin da za a ci yau, tasa ta yi ciyawa, baɗi ya girbe abin da bai kai na bana ba. Wannan mutumin ya fi kowa iya tsimi a garin. Shi ya san yadda ake ƙara tafasa da rama a dambu don tiya ɗaya ta kai kwana biyu, shi ke bin karin maganar nan ta da sabon gini gara yaɓe a rigarsa da dangarsa. Duk da haka a nan yake. Michael Watts, a Silent Violence na 1983, ya ɗora babban laifin yunwar 1914 da ake kira Kakalaba a kan wannan tsari: fari ya zo a 1913, amma harajin tsabar kuɗi ya riga ya rage abin da ke cikin rumbuna. Bayanta aka yi 'Yar Buhu a 1927 da 'Yar Gusau a 1942, sai farin 1973 da na 1984 da iyayenmu suka gani. A irin waɗannan shekaru mutanen tudu kan koma wa anza da ƙwayar ƙarangiya da haƙar gidan tururuwa, na bakin gulbi su shiga ruwa neman bado. Ina so in ga labarin Hausa guda da ya kwatanta yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Na ga guda hamsin da suka kwatanta falon Dubai.

Kuma inshorar nan ta tudu da fadama ba ta tsira ba. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, sannan ta Goronyo a shekarun 1980, cikar gulbi da jansa suka daina bin kalandar da manomin fadama ya gada. Binciken da aka yi a ƙasan Bakolori ya nuna shinkafa da kifi duk sun ragu. Wata shekarar ruwan ya ƙi zuwa, wata shekarar ya zo gaba ɗaya, kamar 2010 da 2020. Shinkafar rani ta cike wani giɓin, musamman bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba 2015, ga kamfanonin casa irin su Labana da WACOT. An samu kuɗi, ba musu, an sayi babura an yi aure an je Makka. Sai dai noman rani da injin ban ruwa ake yinsa, inji kuma fetur yake sha, taki da maganin feshi duk na saye ne. Kakan manomin yana fara damina da irin da ya ajiye da ƙarfin 'ya'yansa. Jikan yana fara rani da bashi, don haka ranar da ya yanke dole ya sayar, ko farashi ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Shinkafar ta hau tirela, rumbun bayan gida ya zama wurin kwanan kaji.

A farkon 2024 BBC ta ba da rahoton yadda magidanta a arewa suka koma sayen afafata, tsakin shinkafar da injin casa ke warewa, wanda a da masu kiwon kifi ke saye. Masu sayarwa sun ce ita ma kuɗinta ya tashi, don masu nema sun yi yawa.