Tsoffin Tsagogin Ƙarƙashin Kafur da Batun Girgizar Ƙasa

Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgizar ƙasa mai maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, ta halaka mutum fiye da 50,000. Bayan wata bakwai, ranar 8 ga Satumba, wata mai maki 6.8 ta ruguza ƙauyukan tsaunukan Atlas a Maroko, aka rasa rayuka kusan 3,000. Duk lokacin da irin wannan labari ya iso mu ta rediyo, abin da ake ji a majalisu daga Funtuwa zuwa Malumfashi shi ne addu'a, sai kuma a ƙara da cewa mu dai Allah ya raba ƙasarmu da wannan masifa. Addu'ar ta dace. Maganar da ke bin bayanta ce take buƙatar gyara, domin rabinta gaskiya ne, rabinta kuwa sakin jiki ne. Ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984. Ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumbar 2016, har bangon gidaje ya tsattsage. Ta kuma motsa a Mpape da Maitama cikin Abuja a Satumbar 2018. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, haɗarin girgizar ƙasa a yankin Kafur ta Jihar Katsina ƙarami ne ƙwarai, amma akwai shi, kuma sanin tsagogin da ke ƙarƙashinmu yana da amfanin da ya fi tsoron girgiza kusa da rayuwar manomi.

Ɓawon duniya ba dunƙulalle ɗaya ba ne. A rarrabe yake zuwa manyan farantai bakwai ko takwas da ƙanana masu yawa, kowanne kaurinsa ya kai kimanin kilomita 100 ko fiye, suna zaune a kan dutse mai zafi wanda yake malala a hankali cikin dubban shekaru. Bajamushen nan Alfred Wegener ne ya fito da ra'ayin cewa nahiyoyi suna tafiya a 1912, ya kuma kafa hujja da yadda gaɓar Afirka ta yamma ta dace da gaɓar Amurka ta Kudu, da kamannin duwatsu da ƙasusuwan tsoffin halittu a ɓangarorin biyu. Masanan zamaninsa suka ƙi yarda, saboda bai iya nuna abin da ke tura nahiya ba. Sai a shekarun 1960, da aka auna ƙasan teku, aka ga sabon dutse yana fitowa a tsakiyar Tekun Atilantika yana bazuwa gabas da yamma, sannan magana ta zauna. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimita a shekara ba. Zafin cikin duniya ne tushenta, kuma mafi ƙarfin abin da ke jan faranti shi ne nauyin tsohon gefensa da ya yi sanyi yana nutsewa ƙasa.

Mafi yawan girgizar duniya a bakin waɗannan farantai take aukuwa, a kan tsaga, wato layin da dutse ya karye har ɓangarorinsa biyu suka gota wa juna. Yadda abin yake faruwa shi ne abin da Harry Fielding Reid ya bayyana bayan ya nazarci girgizar San Faransisko ta 1906. Farantai suna ta tafiya, amma fuskokin tsagar sun cije juna, don haka dutsen da ke gefe yana lanƙwashewa yana tara ƙarfi, shekara ɗari ko dubu. Ranar da ƙarfin ya rinjayi cizon, sai tsagar ta kuɓce cikin daƙiƙoƙi, dutsen ya miƙe, abin da ya tara ya bazu cikin ƙasa a matsayin igiyoyin motsi. Wannan bazuwar ce muke ji a ƙafafunmu. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ma'aunin girgiza ba a jere yake hawa ba: ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin ya ninka kusan sau 32. Tsakanin motsi mai maki 3 da girgiza mai maki 7 akwai ninki kusan miliyan ɗaya.

Tsagogi iri uku ne, gwargwadon yadda ƙarfi ya zo wa dutse. Inda ake jan ƙasa ana raba ta, ɓangare ɗaya yakan zame ya yi ƙasa. Wannan ita ce tsagar janyewa, kuma ita ta haƙa babban kwarin Gabashin Afirka da Bahar Maliya da ke raba Afirka da ƙasar Larabawa. A yankin Afar na Habasha, a 2005, ƙasa ta buɗe tsawon kimanin kilomita 60 cikin 'yan makonni. Inda ake matse ƙasa kuwa, ɓangare ɗaya yakan hau kan ɗaya. Tsagar matsi ke nan, ita ce ta ɗaga tsaunukan Himalaya, ita ta haifar da girgizar Japan ta 2011 mai maki 9 tare da ambaliyar tekun da ta biyo baya, kuma irinta ce ta Maroko. Ta uku ita ce tsagar gogayya, inda ɓangarorin biyu suke wuce juna a kwance, ɗaya hagu ɗaya dama. Ta Turkiyya irin wannan ce. Tsagar gogayyar ce kuma ta fi shafar mu.

Kafur tana can tsakiyar farantin Afirka. Bakin faranti mafi kusa da ita, ko tsakiyar Atilantika ko gaɓar Bahar Rum ko kwarin Gabashin Afirka, yana da nisan dubban kilomita. Wannan shi ne dalilin zaman lafiyar ƙasarmu, kuma dalili ne mai ƙarfi. Sai dai ba haka wurin yake tun fil azal ba. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tsohuwar dunƙulalliyar ƙasar Afirka ta Yamma ta yi karo da ƙasashen da ke gabas da ita, aka matse duk yankin da ya zama arewacin Nijeriya a yau, manyan tsaunuka suka tashi. Ruwa da iska sun cinye tsaunukan. Abin da ya rage shi ne saiwarsu: Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a Zamfara, da duwatsu da falalen da manomi ke kewayewa da garma a ƙasar Funtuwa da Kafur. Narkakken dutse ne da ya daskare can ƙasa da nisa, zaizaya ta tono shi. Tsakanin waɗannan akwai zirin duwatsu masu ɓarewa falle-falle, waɗanda asalinsu laka ce da yashi da zafi da matsi suka sauya wa kama. Masana sun sa wa kowane ziri sunan garin da ke kansa: na Anka, na Maru, na Birnin Gwari, na Kushaka, da kuma na Malumfashi. Ke nan sunan maƙwabciyar Kafur yana cikin littattafan ilimin duwatsu na duniya, alhali da wuya ka sami ɗalibin sakandare a yankin da aka taɓa gaya wa haka.

A ƙarshen wancan karo ne manyan tsagogin gogayya suka keta waɗannan duwatsu, suka miƙa daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Biyu sun fi shahara a arewa maso yamma: tsagar Anka, da tsagar Kalangai wadda ta ratsa ƙasar Birnin Gwari. Masana da dama suna ganin ta Kalangai tana haɗe da ta Zungeru da ta Ifewara kusa da Ile-Ife, ta zama layi guda da ya keta ƙasar daga kudu zuwa arewa.

Tsagar da ta daina aiki tun shekaru miliyoyi, me zai sa a damu da ita? Ƙwaryar da ta taɓa fashewa aka ɗinke, in an danne ta, a bakin ɗinkin take sake buɗewa. Farantin Afirka yana shan turi daga tsakiyar Atilantika, yana kuma matsuwa da Turai daga arewa, kuma wannan ƙarfi ba ya tsayawa a baki. Yana ratsa cikin farantin duka, ya sami wuri mai rauni. Shi ya sa ake samun girgiza a tsakiyar faranti, jifa-jifa, a wuraren da ba a zata ba. Ta Akara a Gana, ranar 22 ga Yunin 1939, an ji ta har Legas da Ibadan. Ta arewa maso yammacin Gini, ranar 22 ga Disambar 1983, ta wuce maki 6, ta kashe ɗaruruwan mutane a yankin da ba a lissafa shi cikin masu haɗari ba. Ta Latur a Indiya, a 1993, ta halaka mutum kusan 10,000 a ƙauyukan manoma da ke kan tsohon dutse mai kama da namu wajen natsuwa. Game da motsin da ake ji a Nijeriya, bayanin da ya fi yawo tsakanin masana shi ne cewa karayar ƙasan Atilantika, irin su Romanche da Chain da Charcot, suna isar da ƙarfi zuwa tsoffin tsagogin tudu. Bayani ne mai ma'ana, amma har yanzu hasashe ne da ke jiran awo. Haka nan zargin da aka yi bayan motsin Mpape, cewa fasa dutse da yawan haƙa rijiyoyin burtsatse ne sanadi. Aikin ɗan Adam yana iya tayar da tsaga. Madatsar ruwa ta Koyna a Indiya ta yi haka a 1967. To amma ba a yanke irin wannan hukunci da baki. Sai an san zurfin da motsin ya faro, kuma ba a sanin zurfi sai da na'urori da yawa kusa da wurin.

Wani zai ce, kuma yana da hujja, yankin da ke fama da 'yan bindiga da tsadar taki da ƙarancin ruwan sha ba shi da sukunin tunanin masifar da ƙila ba za ta zo ba cikin shekara ɗari biyar. Na yarda da shi cewa bai kamata a ɗebi kuɗin asibiti a kai wa girgizar ƙasa ba. Inda muka rabu shi ne zaton cewa sanin tsagogi aikin girgiza ne kaɗai. Dutsen da ke ƙarƙashin Kafur ba ya riƙe ruwa a jikinsa kamar yashin ƙasar Sakkwato ko ta Barno. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da kuma cikin tsagoginsa. Wannan ne ya sa za a haƙa burtsatse a nan ta ba da ruwa rani da damina, a matsa taku kaɗan a haƙa wata a tarar da busasshen dutse, kuɗin jama'a ya tafi a banza. Mai neman ruwa a Masari ko Mahuta ko Gozaki, tsaga yake nema ko bai sani ba. Zinariyar Birnin Gwari da Maru da Anka ma ta waɗannan tsagogi ta biyo, lokacin da ruwa mai zafi ya hauro cikinsu ya bar jijiyoyin farin dutse. Tare da ita a wasu wurare akwai dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje ba a san abin da ke cikinsa ba. Sannan duk injiniyan da zai gina madatsa ko ya kula da irin ta Mairuwa da Gwaigwaye yana buƙatar sanin inda dutse ya karye, don ta nan ruwa ke sulalewa. Taswira ɗaya ce take biyan duk waɗannan buƙatu.

Akwai kuma batun gini, wanda a ganina shi ne ma'aunin haɗari na gaskiya. A Bam ta Iran, a Disambar 2003, girgiza mai maki 6.6 ta kashe mutum fiye da 26,000, galibi a gidajen ƙasa masu nauyin rufi. Ƙauyukan Atlas ma haka. Girgiza mai wannan ƙarfi a Japan takan wuce da asarar rai kaɗan. Soron ƙasa mai azara da aka yi ta ɗora wa yaɓe shekara da shekaru, da ginin bulo wanda aka cika wa yashi aka rage siminti, aka tsallake linta don a rage kuɗin rodi, ba sa buƙatar babbar girgiza kafin su zube. Ruwan Agusta ma yana kayar da su kowace shekara. Tushe mai zurfi, bulo mai ƙwari, linta da ta zagaye gini ta ɗaure bangaye, da rufi marar nauyi, su ne maganin damina, su ne kuma maganin motsin ƙasa. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Aiki da shi, musamman a makarantu da masallatai da asibitoci inda jama'a ke taruwa, shi ne abin da ya rage.

Musulmi ya san girgizar ƙasa daga Alƙur'ani, akwai sura guda mai sunanta, kuma ya yi imani babu abin da ke motsi sai da izinin Allah. Binciken sababi bai saɓa wa wannan ba, kamar yadda likita ke neman sanadin cuta ba tare da ya yi jayayya da ƙaddara ba. Abin da ilimi bai kai gare shi ba shi ne sanin rana da sa'a, kuma duk wanda ya ce ya sani ƙarya yake yi. A Janairun 2010 jita-jitar wayar salula ta sa dubban mutane a Gana suka kwana a waje suna jiran girgizar da ba ta zo ba.

Cibiyar da ke lura da motsin ƙasa a Nijeriya tana Toro ta Jihar Bauci, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, kuma tashoshin awo ƙalilan ne ga ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 900,000. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen ilimin duwatsu da ya daɗe yana nazarin wannan yanki. Ina kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta haɗa kai da wannan sashe, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, a zana cikakkiyar taswirar tsagogin kudancin jihar, a kafa na'urar awo ko da guda ce a tsakanin Funtuwa da Malumfashi, a kuma miƙa taswirar ga masu haƙa burtsatse da ofisoshin ayyuka na ƙananan hukumomi tare da bayani cikin Hausa.