Bayan an raba aure, wa ke riƙon yaro? Darasi daga tarihin Damagaram

Duk malamin da ya daɗe a aji ya san yaron da ke ɓacewa a tsakiyar shekara. A tambaya, a ce uwarsa ta fita, an kai shi ƙauye wurin gwaggo. Wani lokaci ya dawo bayan wata uku ba littafi ba takardar haihuwa, wani lokaci shi ke nan. Tambayar wa zai riƙe yaro bayan saki, wa zai ciyar da shi, wa zai shiga tsakani in iyaye sun ƙi ga maciji, tsohuwar tambaya ce a ƙasar Damagaram, kuma an ba ta amsa iri daban-daban a cikin shekaru ɗari biyu da suka wuce.

Zamanin sarakuna

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali a ƙarni na 18 daga Malam Yunus, wanda ya fito daga ɓangaren Barno. A farkon ƙarni na 19 fada ta zauna a Zinder, sannan ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙera bindigogi, ya rasu a 1884. Gari ne na fatake. Ayarin raƙuma na sauka a Zango daga Agadas da Tarabulus, wasu su wuce Kano. Inda maza ke yin wata da watanni a kan hanya, rikicin aure da na ciyarwa ba ya yankewa.

Kafin magana ta kai gaban alƙali, akwai matakai. Mace in ta ji ba za ta iya ba, sai ta yi yaji zuwa gidan iyayenta ko na waliyyinta. Miji ya tura manya su yi biko. A zaure za a zauna, kowa ya faɗi abin da ke cikinsa, a ba mai laifi laifinsa, a ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In abin ya gagari dangi, sai limamin unguwa ko mai unguwa, daga nan sai alƙali. Yaji kansa hanya ce ta tilasta a zauna, domin matar da ta fita ta sa dole dangin miji su zo su saurare ta.

Alƙalan fada da mazhabar Malikiyya suke hukunci, da littattafan da har gobe ake karantawa a zaurukan malamai: Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umurni da a naɗa masu sulhu biyu idan ana tsoron ɓaraka, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Malikiyya ta ba waɗannan mutum biyu ƙarfi ƙwarai: in sun ga zaman ba zai yiwu ba, suna iya raba auren ko da miji bai so ba. Haka kuma mace na iya fansar kanta ta hanyar hul'i, ko ta kai ƙara a raba saboda cutarwa ko rashin ciyarwa.

Abin da littafi ya ce, da abin da gari ke yi

A nan ne iyaye da yawa za su yi mamaki. A fiƙihun Malikiyya, riƙon yaro bayan saki haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. In uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro ɓangaren uba. Ci da tufafi kuwa suna wuyan uba, duk inda yaron yake kwana. Halil ya ma fayyace cewa uba na da ikon duba ɗansa, da tarbiyyarsa, da tura shi makaranta, alhali yana hannun uwa. Akwai kuma hukuncin tafiya: in uba zai ƙaura ƙaura ta zama zuwa wuri mai nisan barid shida, wato sama da kilomita 100, yana iya tafiya da yaron. Ke nan malaman nan sun tsara rabon aiki tsakanin iyaye biyu da ba sa gida ɗaya tun ƙarnuka da suka wuce.

Al'adar gari ta bi wata hanya. Bahaushe ya ɗauka ɗa na uba ne, don haka uwa ta shayar, ta yaye, in an yi mata adalci ta riƙe har shekara bakwai, sannan a zo a karɓa. Dalilan a fili suke. Bazawara ba ta daɗewa ba ta sake aure ba, sabon miji kuma ba kowane ke son agola ba. Gado da gona ta wajen uba suke. Namiji yana ganin gori ne a ce ɗansa na cin tuwon wani ƙato.

Abin da ya sa wannan al'ada ba ta yi ɓarna sosai a da ba shi ne babban gida. Yaron da aka karɓa daga uwa ba hannun kishiyarta kaɗai yake faɗawa ba: akwai kaka a ɗakinta, akwai gwaggo, akwai baffa a shiyya ta gaba. Aure kuma yawanci na zumunci ne ko na unguwa ɗaya, saboda haka gidan uwa ba shi da nisa, yaro na iya zuwa da ƙafarsa. In aka ga an hana shi, tsohon da ya ɗaura auren yana nan da ransa, zai kira uba ya yi masa magana. Wannan tsoho shi ne mai bibiyar yarjejeniya, ko da ba a rubuta ta ba.

Zuwan Faransa

A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899 Faransawa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, suka bar riƙon gari a hannun Ballama, ba a mayar da sarauta ga gidanta ba sai 1923. Zinder ce hedikwatar ƙasar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka koma Yamai.

Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa kotunan 'yan ƙasa a yankunan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, da alƙawarin bin al'adun mutane muddin ba su saɓa wa abin da Nasara ke kira wayewa ba. Sannu a hankali shugabancin kotu ya koma hannun kwamandan, malamai da dattawa suka zama masu ba da shawara a gefensa, tafinta a tsakani. Faransawa sun taɓa maganar aure sau biyu: dokar Mandel ta 1939 ta sa shekara 14 ga yarinya da 16 ga yaro tare da sharaɗin yarda, dokar Jacquinot ta 1951 ta shiga batun sadaki. A 1946 aka cire shari'ar laifuffuka daga kotunan 'yan ƙasa, aka bar musu aure da saki da gado.

Sakamakon haka ƙofofi suka yawaita. Wanda bai ji daɗin hukuncin dangi ba ya tafi fada, wanda fada ba ta yi masa ba ya tafi barikin Nasara. A wurin kwamandan kuma, fiƙihu da al'adar gari duk suna ɗaya ake ba su, wato al'ada. Bambancin da ke tsakanin abin da Halil ya rubuta da maganar shekara bakwai sai ya dushe.

Bayan 'yanci

Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan tsari. Dokar 16 ga Maris 1962 kan tsarin kotuna ta ce a maganar aure, saki, nasaba da gado, al'adar masu shari'a za a bi, alƙalin gwamnati na zama da mashawarta masana al'ada. Dokar 22 ga Yuli 2004 ta ƙara sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta sa wa hannu. Sarakunan gargajiya kuwa, tun daga mai unguwa har Sarkin Damagaram, dokar 1993 da ta 2015 sun ba su ikon sasantawa, su rubuta takardar sulhu, ko takardar cewa sulhu ya gagara. An yi yunƙurin kafa kundin dokar iyali guda ɗaya, amma ƙungiyoyin addini suka tsaya a kai a farkon shekarun 1990, wani yunƙurin a 2011 shi ma bai kai ko'ina ba.

Ana cikin haka babban gida ya fara watsewa. Magidanci na haya a ɗaki biyu, kaka na ƙauye, uba na cirani a Kano ko Libiya ko Aljeriya. An riƙe al'adar karɓe yaro, amma mutanen da ke sa ta zama da sauƙi ba sa nan. Fim ɗin Aisha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna rayuwar samarin Kara-Kara da suka tashi a gefen al'umma. Talauci da rashin aiki ne kan gaba a labarinsu, amma duk mai kallo zai tambayi kansa wa ya riƙe su suna ƙanana.

Abin da wasu suka ƙirƙiro

Ƙasashen da dangi suka watse tun kafin mu sun koma neman abin da muke da shi. A Amurka, jihar Kalifoniya ta wajabta zaman sulhu kan riƙon yara tun 1981. A shekarun 1990 aka fito da wani aiki na musamman: mutumin da kotu ke naɗawa bayan an gama shari'a, ya riƙa warware ƙananan rigingimu tsakanin iyayen da suka rabu, irin su ranar ziyara, kuɗin makaranta da hutu, ba sai an koma gaban alƙali ba. Jihar Oklahoma ta yi masa doka a 2001. Faransa ma ta shigar da sulhun iyali cikin dokarta ta ikon iyaye a 2002. Aikin tsohon nan na zaure ne aka ba albashi da ofis.

Abin da ya rage namu

Hanyoyinmu na sulhu sun ƙware wajen hana aure mutuwa. Rauninsu yana bayan an ba da takarda, domin a ranar kowa ke watsewa. Gyaran ba ya bukatar jiran sabuwar doka. Takardar sulhu da mai unguwa ko alƙalin fada ke rubutawa tana iya ɗaukar abubuwa kaɗan a fili: inda yaro zai kwana, abin da uba zai bayar duk wata, ranakun da zai je wurin ɗaya ɓangaren, makarantar da zai ci gaba da zuwa, da wanda zai ajiye takardar haihuwarsa. Sannan a ambaci mutum biyu da suna, ɗaya daga kowane dangi, waɗanda za a nema in an saɓa. Masu sulhu biyun da aya ta ambata ke nan, an tsawaita aikinsu zuwa bayan saki.

Malaman lakwal da na allo su ne suka fi kowa saurin gane gidan da ya rabu, tun daga makara da barci a aji. Ba aikin malami ba ne ya yi hukunci, amma yana iya rubuta sunan uwa da na uba duka a rajista, ya aika sakamakon jarrabawa gida biyu, ya roƙi a bar yaro ya ƙarasa shekara kafin a ɗauke shi. Iyaye kuwa, kafin a ce al'ada ce a karɓe yaro, a je wurin malamin unguwa a ce ya buɗe babin riƙo a Risala ya karanta. Allah ya shirya mana zuri'a.