'Ya Mace a Adabin Hausa

Matsayin 'ya mace, da abin da al'umma ke jira daga gare ta, yana cikin tsofaffin jigogin adabin Hausa, na baka da rubutacce. Halayen da ake auna ta da su sanannu ne: kunya, kawaici, haƙuri, biyayya ga iyaye sannan ga miji, iya girki, da kai mutuncinta ɗakin aure. Abin da ke sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne inda mai ba da labarin ya tsaya. Wani yana koyar da waɗannan halaye ne, wani kuma yana bin diddigin wahalar da yarinya ke sha kafin a ce ta cika su.

A tatsuniya koyarwa ce ta fi rinjaye. Tatsuniyar Ruwan Bagaja ta 'yar bora da 'yar mowa ita ce fitaccen misali: an aiki 'yar bora wanki a wani ruwa mai nisa, ta gaida duk abin da ta tarar a hanya cikin ladabi, ta yi abin da aka umarce ta, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta dawo da abin kunya. Akwai kuma tatsuniyoyin budurwar da ta raina samarin garinsu ta zaɓi kyakkyawan baƙo, daga baya ya rikiɗe ya zama dodo ko maciji. Tsofaffin mata ne ke ba da waɗannan labarai da dare, kuma su ɗin ne ke rera waƙoƙin niƙa da na daɓe, inda habaici ga kishiya da uwar miji ke fitowa fili. Ke nan bakin da ya hori yarinya da haƙuri shi ne ke kukan abin da haƙurin ya jawo.

A ƙarni na 19 an sami wata murya daga ɓangaren malamai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Wannan gado ya zama hujja a hannun marubuta mata na baya, domin da shi suke nuna cewa hana yarinya ilimi al'ada ce, ba addini ba.

Ƙagaggun labaran farko, waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, maza ne suka rubuta su, kuma yawace-yawacen maza da jarumtarsu suka fi damuwa da su. Jiki Magayi na John Tafida da East ya taɓo batun 'ya mace: Zainab da Abubakar suna son juna, attajiri Malam Shaihu ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Sai dai labarin ya bi Abubakar da neman fansarsa, ita kuwa Zainab aka bar ta a matsayin abin da aka yi rigima a kansa.

A fagen ƙagaggen labari, sai a 1980 aka ji labarin daga bakin mace. A shekarar ce kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Tauraruwarsa Boɗaɗo, Bafulatana, ta dage kan auren Yasir, wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba, duk da ƙin amincewar dangi. Budurwa ta faɗi wanda take so da bakinta, a al'ummar da ke lissafa shirunta a matsayin yarda, ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. A 1984 Zaynab Alkali ta fitar da The Stillborn da Turanci, labarin Li, wadda ta taso ƙarƙashin uba mai tsanani, ta yi aure da burin zaman birni, mijin ya yi watsi da ita, ta koma karatu har ta zama mai riƙe da gidansu.

Daga tsakiyar shekarun 1980 harkar ta buɗe. Tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya, matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, musamman a Kano. A daidai lokacin, 'yan matan da suka shiga firamare a shirin ilimi kyauta na 1976 sun girma, sun iya karatun boko. Su ne suka zama masu saye, da yawansu kuma suka zama masu rubutawa. Waɗannan su ne littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Jigoginsu ba su da yawa, amma duka daga cikin gida aka ɗauko su: auren dole, kishi, saki ba dalili, talla, cire yarinya daga makaranta, da nauyin kayan ɗaki a kan uwa.

A wannan fage babu wadda ta kai Balaraba Ramat Yakubu zafin alƙalami. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta nemi ilimi a ajin manya. A Wa Zai Auri Jahila? (1990), mahaifin Abu ya hana ta ci gaba da karatu, sannan saurayin da aka yi mata alkawari da shi, wanda ya yi boko, ya ƙi ta saboda ba ta yi karatun ba. Aka aurar da ita ga Sarkin Noma, sa'an mahaifinta. Ta gudu, ta koma makaranta. Ƙarfin littafin yana cikin wannan tarko: maza ne suka hana ta ilimi, maza ne kuma suka hukunta ta kan rashinsa. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, Rabi ta riƙe yaran da sayar da abinci. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012.

Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, marubuciyar Allura Cikin Ruwa, ta bi hanya mai sanyi. Taurarinta mata ne masu boko da Islamiyya, masu aiki, waɗanda ke mallakar gida da ladabi da iya magana, ba da fito-na-fito ba. Wasu manazarta na ganin hakan sassauci ne, wasu na ganin dabara ce da ta fi dacewa da gidajen da masu karatun ke zaune a ciki.

Abin lura shi ne da wuya a sami littafi a cikinsu da ya ƙi aure kansa. Yarinyar da ta tsere wa auren dole takan ƙare a gidan miji nagari, sau da yawa mai kuɗi. Ko a Alhaki Kuykuyo Ne, auren da 'yar Rabi, Saudatu, ta yi da attajiri yana cikin abin da ya share wa uwar hawaye. Abin da marubutan ke nema shi ne a tambayi yarinya, a bar ta ta yi karatu, a yi mata adalci idan an yi mata kishiya, kuma da aya da hadisi suke kafa hujja. Ta wannan fuska ladan 'yar bora bai sauya sosai ba, sai dai yanzu ilimi ya shiga cikin sharuɗɗan samunsa.

Duk da haka littattafan sun sha suka, ana cewa suna ɓata tarbiyyar 'yan mata, suna koya musu bijire wa iyaye. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu daga cikinsu a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sannan Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Karatun bai tsaya ba. Gidajen rediyo sun ci gaba da karanta littattafan ga matan da ke cikin gida, daga baya harkar ta koma wayar hannu, inda ake sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad. Tun 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata, wadda aka fara ta domin mata zalla, kuma a labaranta an ga jigogin da littattafan shekarun 1990 ba su cika taɓawa ba, kamar fyaɗe, aikatau, da rayuwar 'yan mata a sansanonin gudun hijira.