Shin Kabi Shegiya Ce? Kalma Ɗaya Ta Turanci da Tarihin Kabawa

Duk wanda ya karanta tarihin ƙasar Hausa cikin Turanci ya san ana raba ƙasashen gida biyu, watau Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Kabi, ƙasarmu, tana cikin kashi na biyu tare da Zamfara, Yawuri, Nupe, Gwari, Yarabawa da Kwararrafa. To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kalmar da littattafai da dama suke fassara "banza" da ita, wato "bastard". Ni dai a cikin darasin tarihi na koyi wannan sifa, ba a darasin Turanci ba, kuma ina ganin ya kamata 'yan'uwa ɗalibai mu tsaya mu duba ta da kyau.

Kalmar tana da fuska biyu. Ma'anarta ta asali ita ce ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba, wanda Bahaushe ke kira shege. Ma'anarta ta aro kuwa ita ce abin da ba na ainihi ba, jabu ko gauraye, kamar yadda Bature zai faɗa wa harshen da ya cakuɗe da wani. Tambaya a nan ita ce, wace fuska aka nufa da Kabi? Amsata ita ce ko ɗaya ba ta zauna ba.

Mu fara da ta asali. Labarin Bayajida ya ce bayan ya kashe macijiyar Kusugu ya auri Daurama, ita kuma ta ba shi kuyanga, Bagwariya, wadda ta haifa masa Karɓagari. Daurama ta haifi Bawo. Daga tsatson Bawo aka sami yawancin Hausa Bakwai, daga na Karɓagari kuma Banza Bakwai. Ko da mun karɓi labarin yadda yake, ai ɗan ƙwarƙwara ba shege ba ne. A shari'a da al'adarmu yana cin gadon ubansa, kuma sarakuna nawa aka yi a ƙasar nan waɗanda iyayensu mata ƙwaraƙwarai ne? A Ingila ne dokarsu ta hana irin wannan ɗa gado, don haka mai fassara ya ɗora wa Karɓagari hukuncin ƙasar da ba tasa ba. Bugu da ƙari, "banza" a bakin Bahaushe abin wofi ne marar amfani, kalma ce ta gori da ba'a, ba hukuncin alƙali ba. Bajamushen nan Barth, wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, shi ma ya lura cewa da sigar wasa ake faɗin sunan.

Sai ma'ana ta aro, cewa waɗannan ƙasashe Hausarsu ta koyo ce. Wannan ta yiwu ta dace da Nupe ko ƙasar Yarabawa, amma Bakabe ba shi da wani harshe da ya tashi da shi in ba Hausa ba. Masana harshe ma sun nuna cewa Hausar yamma, wadda Kabanci ke cikinta, ta riƙe tsofaffin sigogi da Kananci ya zubar. Ta yaya mai riƙe da tsohon abu zai zama jabu?

Tarihi kuma shaida ne. Wajen 1516 Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye a kan rabon ganimar yaƙin Agadas, kuma Tarikh al-Sudan, littafin mutanen Tumbutu kansu, ya tabbatar ba su iya mayar da shi ƙarƙashinsu ba. Ya gina Surame, wadda ganuwarta ta dutse tana nan har yau. A farkon ƙarni na 18 sarauta ta koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarki Muhammadu Fodi ya fita, daga baya Kabawa suka kafa zamansu a Argungu. An kashe Sarki Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a hannun Sakkwato, amma a 1849 ya sake ta da tutar Kabi. A 1867 aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda a cikinsa Sakkwato da Gwandu suka yarda da cin gashin kan Argungu. Daga nan har Turawa suka zo ba a ci garin ba. Gaba ta kwanta sosai a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su a gulbi, abin da ya zama tushen bikin kamun kifin da duniya ta sani.

Ba ina cewa mu goge Banza Bakwai daga littattafai ba. Suna ne mai tarihi, kuma yana nuna mana yadda mutanen gabas suke kallon maƙwabtansu. Abin da nake gudu shi ne yaro a Argungu ko Birnin Kebbi ya buɗe ƙamus, ya ga ma'ana ta farko, ya rufe yana zaton haka kakanninsa suke. Mu da muke nazarin Hausa mu ne za mu zama malamai da masu fassara gobe. In mun gamu da sifar Turanci, kada mu tsaya kan layin farko na ƙamus. Mu tambayi wace ma'ana aka nufa, wa ya zaɓe ta, kuma a kan wa aka ɗora ta. Allah ya sa mu gane, amin.