Aron Littafi Tsakanin Laburare da Laburare: Mas'alar Harshe Guda ga Na'urori

Malaman fiƙihu na mazhabarmu ba su raina al'amarin aro ba, domin duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ariya tana da gurbinta a babin da ya tattara hukuncin kyauta, da jingina, da ajiya, da tsintuwa. Haka kuma Ibn Jama'a, cikin littafinsa na ladubban malami da almajiri, ya yi bayanin yadda ake aron littafi da yadda ake komar da shi ga mai shi. Dalilin wannan kulawa a fili yake, gama aro ba ya tsayuwa sai an san abu uku: wanda ya ara, da abin da ya ara, da ranar da zai mayar. Waɗannan ukun, da malamin zaure yake riƙewa a ka ko ya rubuta a bayan kundi, su ne har wa yau ginshiƙin aikin kowace laburare, ko da littattafanta sun kai miliyan goma. Abin da ya sake shi ne yanzu kwamfuta ce take riƙe da lissafin, kuma kwamfutar wannan gida ba ta jin maganar kwamfutar wancan gida sai an koya musu harshe guda. A kan ƙoƙarin da ma'aikatan laburare na Amurka suka yi wajen tsara wannan harshe, da wahalar da suka sha kafin su shawo kan mutane su yi aiki da shi, nake so in yi magana.

Ya kamata a fara da cewa sashen fihirisa, wato bayanin littafi da sunan mawallafinsa da shekarar bugunsa, an daɗe da samun ittifaƙi a kansa. Tun cikin shekarun 1960 Henriette Avram ta jagoranci tsara MARC a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, tsarin da ya zama ƙa'idar ƙasa a 1971, ya kuma samu karɓuwar duniya a 1973. Daga baya, a 1988, ƙa'idar Z39.50 ta fito, wadda ta ba kwamfutar wata laburare ikon bincika fihirisar wata kamar tata ce. Amma lissafin aro an bar shi a baya, kuma ba don sakaci ba. Bayanin fihirisa tsayayye ne, abin da aka rubuta a kan littafi bara shi ne bana, alhali kuwa lissafin aro yana sakewa kowace sa'a, yana ɗauke da sunayen mutane da adireshinsu da tarar da ake bin su, kuma kowace laburare tana da nata sharuɗɗan game da wanda ya cancanci aro da kwanakin da za a ba shi. Bugu da ƙari, kowane kamfanin da yake sayar da manhajar tafiyar da laburare ya gina wannan sashe bisa ra'ayin kansa, ya rufe shi ruf.

Larura ce ta fara tsaga wannan katanga. Kamfanin 3M, wanda ya yi suna wajen ƙera na'urorin hana satar littattafai, ya shiga sayar da injin da mai karatu zai ara wa kansa littafi ba tare da ya tsaya gaban ma'aikaci ba, injin kuwa ba shi da amfani muddin ba zai iya tambayar kwamfutar laburaren ko wannan mutum an yarda masa ya ara ba. Sabili da haka a 1993 kamfanin ya fitar da ƙa'idar SIP, sa'an nan ya bi ta da fitowa ta biyu da aka sani da SIP2. Tsarinta mai sauƙi ne ƙwarai: kowane saƙo layi ɗaya ne na rubutu wanda yake farawa da lamba, idan injin ya aika 11 yana neman a ba da aro ne, kwamfuta ta amsa masa da 12, idan ya aika 09 littafi aka dawo da shi, amsarsa 10. Sauƙin nan ya sa kamfanoni suka rungume ta, har abokan hamayyar 3M ɗin.

Sai dai a wancan zamani SIP mallakar kamfani guda ce, kuma an yi ta ne domin zance tsakanin inji da kwamfutar gida ɗaya, alhali bukatar da take tasowa a lokacin ta zarce haka. A 1999, alal misali, jami'o'in Columbia da Pennsylvania da Yale suka ƙulla haɗin gwiwar da suka kira BorrowDirect, domin ɗalibin ɗayansu ya nemi littafin ɗayar kai tsaye. To, a dubi abin da irin wannan aro yake bukata. Dole a tambayi jami'ar ɗalibin ko shi nata ne kuma ba a hana shi aro ba. Dole a sanar da jami'ar da take da littafin ta keɓe shi ta aiko. Idan ya iso, dole kwamfutar jami'ar ɗalibin ta buɗe masa gurbi na wucin gadi, ko da yake ba littafinta ba ne, don ta iya ba da shi aro ta kuma tuna wa ɗalibin ranar mayarwa. Idan an mayar, dole a share lissafin a gidaje biyu. Inda babu harshe guda, ma'aikaci ne yake buga kowane ɗaya daga cikin matakan nan da hannu, sau ɗaya a nan, sau ɗaya a can, kuma kuskure ɗaya ya isa a bi bawan Allah bashin littafin da ya riga ya mayar.

Wannan ne ya sa ƙungiyar NISO, wadda take tsara ƙa'idojin harkar laburare da wallafa a Amurka, kuma asalinta yake komawa ga wani kwamiti da aka kafa a 1939, ta zaunar da ma'aikatan laburare da wakilan kamfanoni a majalisi guda, har suka fitar da ƙa'idar NCIP, mai lamba Z39.83, a 2002. Aikin ilimi ne na haƙiƙa. Sun raba duniyar aro zuwa abu uku, mai aro da abin aro da hukumar da take bayarwa, kusan yadda malaman fiƙihu suka ƙidaya rukunan ariya. Sun rubuta saƙonnin da tsarin XML, wanda yake bayyana ma'anar kowane ɓangare na saƙo. Sun kuma yi nufin ƙa'idar ta wadatar da aro kai tsaye tsakanin laburarori masu haɗin gwiwa, da aron da ma'aikata suke nemowa daga nesa, da injinan arar wa kai, duka a lokaci guda.

A nan ne mas'alar da ta fi damuna take. Cikar da suka nema ita ce ta zame wa ƙa'idar nauyi, domin hidimomin da ta ƙunsa sun haura 40, kuma ba a wajabta wa kowa ya gina su duka ba; wannan kamfani ya zaɓi nasa kaɗan, wancan ya zaɓi nasa, kowanne ya rubuta a takardar tallarsa cewa manhajarsa tana jin NCIP, kuma babu wanda ya yi ƙarya, amma da aka haɗa su sai aka tarar ba su da isassun saƙonnin da suka yi tarayya a ciki. Duk wanda ya taɓa auna hatsi a kasuwanni biyu ya san wannan ciwo: a nan mudu, a can ma mudu, suna ɗaya, cikin ƙwarya daban. An sake fasalin ƙa'idar a 2008 domin a rage mata nauyi, aka kuma yi mata gyara a 2012, amma a ganina matakin da ya fi kowanne albarka shi ne wanda masu aiki da ita suka ɗauka na ware saƙonni 9 kacal a matsayin tushe: duba mai aro, duba littafi, neman littafi, soke nema, karɓar littafin wata laburare, ba da aro, sabunta aro, kiran littafi ya dawo, da shigar da shi bayan an mayar. Da wannan ne kalmar "muna jin NCIP" ta fara samun ma'anar da za a iya jarrabawa.

Daga nan za a gane cewa rubuta ƙa'ida ɗan ƙaramin rabo ne na aikin, yaɗa ta shi ne babban rabon. NISO ba hukuma ce mai bulala ba, ƙa'idojinta na ganin dama ne, don haka matsayinsu ya fi kusa da abin da malamai suke kira urfi, wanda ƙarfinsa yake zuwa daga yawan masu aiki da shi. Kamfani kuwa ba shi da wata maslaha ta kusa cikin kashe kuɗinsa don manhajarsa ta yi zance da ta abokin hamayyarsa, hasali ma wahalar fita daga hannunsa tana cikin abubuwan da suke riƙe masa masu saye. Yana cewa ba zai gina ba sai masu saye sun nema, su kuma masu saye ba sa neman abin da ba su taɓa ganin yana aiki ba. Shi ya sa SIP2, duk da ƙarancinta, ta ci gaba da mulkin injinan arar wa kai har yau, kuma ko da 3M ya fitar da fitowa ta uku ya miƙa wa NISO ragamarta a 2012, ta biyun ce take hannun jama'a. NCIP ta samu gindin zama ne galibi a fagen aro tsakanin laburarori, inda ƙungiyoyin haɗin gwiwa masu yawan mambobi suka sanya ta sharaɗi a cikin kwangila, kamfani ya ga in bai gina ba ciniki zai wuce shi.

Mai jayayya zai ce duk wannan wahala ba ta zama dole ba, a tara kowa a manhaja ɗaya a huta, kuma yana da hujja, domin haka jihar Georgia ta yi da shirinta na PINES, inda laburarorin jama'a masu yawa suke aiki da katin aro guda, suka kuma koma kan manhajar Evergreen a 2006. Na yarda wannan hanya tana aiki matuƙar akwai hukuma guda mai kuɗi da iko a kan kowa. Amma jami'o'i masu cin gashin kansu ba za su yarda a zaɓa musu ba, kuma ko jihar da ta haɗe kanta tana da iyaka, bayan iyakar akwai wata laburare mai wata manhaja.

Akwai kuma batun amana, wanda ba na so a ɗauke shi ƙaramin abu. Abin da mutum yake karantawa sirrinsa ne, ma'aikatan laburare na Amurka sun sanya kiyaye shi cikin ladubban sana'arsu, kuma kusan kowace jiha tana da dokar da take kare shi. SIP2 kuwa, a yadda aka tsara ta, tana aika lambar katin mutum da kalmar sirrinsa a rubuce ƙarara, sai in an lulluɓe hanyar da wata kariya daban. Duk ƙa'idar da za ta ɗauki sunan mai karatu daga wannan gida zuwa wancan wajibi ne ta taƙaita abin da take bayyanawa ga gwargwadon bukata: ya isa a ce wa laburare mai ba da aro wannan namu ne, mun lamunce shi, ba sai an karanta mata tarihin karatunsa ba.

Wannan labari ya shafe mu ta fuska guda bayyananniya. Laburarorin jami'o'inmu da dama suna aiki da Koha, manhajar kyauta da aka fara rubutawa a New Zealand a 1999, wadda take jin Z39.50 da SIP2, wasu kuma suna sayen manhajojin kamfanoni, alhali babu ɗayansu da take da kuɗin mallakar kowane littafi, kuma ɗalibin Sakkwato yana bukatar abin da yake ajiye a Zariya ko Maiduguri. Ina roƙon shugabannin laburarorinmu da kwamitocin da suke ba da kwangila, duk ranar da za su sayi manhaja ko su ɗauki wanda zai girka musu ta kyauta, su rubuta sunan ƙa'idar NCIP da lambar fitowarta da saƙonnin nan 9 ɗaya bayan ɗaya a cikin yarjejeniya, kuma kada a biya cikon kuɗi sai an haɗa ta da kwamfutar wata laburare, an ari littafi an mayar a gaban idonsu.