Yadda Kaduna Ta Bunƙasa Har Ta Cimma Gonin Gora

Gonin Gora, wadda matafiyi daga Abuja ke fara tararwa kafin ya shiga Kaduna, da can ƙauyen Gbagyi ce, gonakin doya da dawa sun kewaye ta. Birnin ne ya biyo ta har gida.

Lokacin da Turawa suka mayar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, arewacin kogin Kaduna suka gina ofisoshi da bariki. Kudu kuwa rabonta tashar jirgin ƙasa. Abin da ya sauya ta shi ne masaƙu. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, har ma daga kudancin ƙasar. Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika maƙil, mai neman ɗakin haya mai sauƙi dole ya matsa gaba.

Komawar gwamnatin tarayya Abuja a 1991 ta mayar da titin da ya ratsa Gonin Gora babbar hanya. Gidajen mai da masu faci da masu sayar da doya suka jeru bakinsa.

Amma ba abin da ya cika Gonin Gora da sauri kamar tsoro. Bayan rikicin addini na 2000 da na 2002, Kaduna ta rabe gida biyu, kogi ya zama iyaka. Musulmi suka nufi Rigasa da Tudun Wada, Kiristoci suka tsallaka kudu. Mutum ya sayar da gidan da ya haifi 'ya'yansa a ciki da araha, ya sayi fuloti a gonar wani, ya yi ɗaki biyu, ya rufe taga da kwano ya tare. Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru masaƙun ke durƙushewa, wato jama'a na ƙaruwa aikin yi na raguwa.

Yau unguwar tana ƙaramar hukumar Chikun, gine-gine na ta miƙewa wajen Kakau. Sai dai gini ya riga tsari: a lunguna da dama ba kwalta ba magudanar ruwa, mazauna gefen daji kuma na kwana da fargabar masu garkuwa da mutane. Hukumar tsara birane ta KASUPDA na da jan aiki a nan.