Asalin Kalman Nan "Victory"

Ku 'yan makaranta, kun sani abin da mu ke kira nasara, Turawan Ingila su kan ce "victory". To, ga abin mamaki: kalman nan ta shiga bakinsu ne ta dalilin wani yaƙi da aka ci su.

Mutanen Ingila na dā "sige" su ke cewa. Ana nan, cikin shekara ta 1066, sai Wiliyam, mai mulkin Normandi a ƙasar Faransa, ya ƙetaro teku da rundunarsa, ya gamu da Sarki Harold kusa da Hastings. Aka kashe Harold a bakin dāga, Wiliyam ya hau gadon sarauta. Tun daga nan Faransanci ya zama harshen fada, har ya shiga ɗakin shari'a. Wajen shekara ta 1300 aka fara ganin "victory" cikin rubutun Ingilishi, sannu sannu "sige" ta ɓace.

Su Faransawan kuwa gado suka yi daga Rumawa. A harshen Latin "vincere" shi ne rinjaya, daga nan "victoria" ta fito. Rumawa har gunki suka yi mata, siffar mace mai fukafukai. Wannan suna ne Sarauniya Biktoriya ta ci, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901.

Amma kada mu yi musu dariya, gama tamu "nasara" ma daga Larabci muka aro ta, can kuwa asalin ma'anarta taimako ne. Ku lura da bambancin: kalmar Rumawa tana duban wanda aka kayar, tamu tana tuna mana wanda ya taimake mu.